Gicciyen Söder: yadda gwamnatin Bavaria ta rataye kuros a ƙofar ofisoshinta ta ce wai ba addini ba ne

Ranar 24 ga Afrilu 2018 aka ɗauki wani hoto a Munich wanda kafin rana ta faɗi ya gama zagaye Jamus. Markus Söder ne, shugaban gwamnatin jihar Bavaria, kamar gwamna kenan a wajenmu, lokacin ko sati shida bai cika a kan kujera ba, yana tsaye a zauren shiga na fadar gwamnati riƙe da gicciye zai rataye a bango, 'yan jarida sun yi masa caa da kyamarori. Ranar ce majalisar zartarwarsa ta yanke cewa daga 1 ga Yuni duk wani ginin hukuma na jihar, ofishin haraji ne ko na 'yan sanda ko kotu, dole a kafa gicciye a mashigarsa inda kowa zai gani. Layi ɗaya ne tal aka ƙara a sashe na 28 na ƙa'idojin aikin ma'aikatun jihar, kuma dalilin da aka rubuta a ciki shi ne wai gicciyen yana nuna tarihi da al'adar da suka gina Bavaria. Ko gaban majalisar dokoki ba a kai maganar ba, umarni ne na gwamnati kawai.

Da aka tambaye shi sai ya faɗi maganar da ta tayar da ƙurar gaba ɗaya, ya ce gicciye ba alamar wani addini ba ne, alama ce ta asali da al'adar mutanen Bavaria.

Ni Musulmi ne, kuma kowa ya san aƙidarmu a kan Annabi Isa (AS) da batun gicciye daban take da ta Kiristoci, amma ba wannan ya kawo ni ba. Abin da ya dame ni tun ranar da na fara bin labarin nan shi ne yadda ɗan siyasa zai ɗauki abu mafi tsarki a wajen mutanensa, abin da suke durƙusawa a gabansa, suke kafawa a kan kabarin iyayensu, ya ce musu ba addini ba ne don kawai ya samu hanyar rataye shi a ofishin gwamnati ba tare da kotu ta taka masa birki ba. Duk mai addini ya kamata wannan ya taɓa shi, ko da wane addini yake yi.

Sai an san Bavaria kafin a gane lamarin. Jiha ce a kudancin Jamus mai mutane wajen miliyan 13, ita ce mafi faɗin ƙasa a cikin jihohi 16, kuma addini a can ba ɓoyayyen abu ba ne. Gaisuwarsu ta yau da kullum ma, Grüß Gott, da sunan Allah a ciki. Kan tsaunuka akwai gicciye, har Zugspitze wanda shi ne tsauni mafi tsawo a Jamus, a bakin hanyoyin gona akwai, a ɗakin cin abinci na gidajen ƙauye akwai lungu guda da ake ware masa. A nan aka haifi Fafaroma Benedict na 16, a wani ɗan gari Marktl. A 2018 kusan rabin mutanen jihar Katolika ne, sannan ga 'yan ɗarikar Lutheran musamman a arewacin jihar wajen Nuremberg, inda shi Söder ɗin ya fito, don shi ba Katolika ba ne ma, ɗan Lutheran ne. Jam'iyyarsa CSU, da kalmar Kirista a farkon sunanta, ita ke riƙe da jihar tun 1957 ba a taɓa karɓe kujerar daga hannunta ba.

Kuma akwai wani tarihi da ya sa maganar cire gicciye take da zafi a can fiye da yadda baƙo zai zata. A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani jigon 'yan Nazi mai suna Adolf Wagner wanda ke riƙe da ma'aikatar ilimi ta Bavaria ya ba da umarni a kwashe gicciye daga azuzuwan makarantu. Iyaye mata ne suka tashi, mazajensu da 'ya'yansu suna bakin daga, suka yi ta cika makarantu da ofisoshi da ƙorafi, wasu wuraren da hannunsu suka mayar da gicciyen bango, har dai gwamnatin Hitler da ba ta saba ja da baya ba ta janye umarnin cikin 'yan watanni. Shi ya sa bayan yaƙi da aka zo rubuta tsarin mulkin jihar a 1946, gabatarwarsa ta fara ne da ambaton kufan da tsarin mulki marar Allah, marar tsoron lamiri, marar girmama ɗan Adam ya bar musu. To ga tsohon Babavariye, gicciye a bangon aji yana tuna masa lokacin da talaka ya ce wa azzalumi a'a. Wannan gaskiya ne kuma bai kamata a raina shi ba.

Rigima ta gaba ta zo a 1995. Wasu iyaye da ba sa son 'ya'yansu su yi karatu ƙarƙashin gicciye mai siffar mutum a rataye suka kai ƙara har kotun tsarin mulki ta tarayya da ke Karlsruhe, alƙalai biyar cikin takwas suka ce dokar Bavaria da ta wajabta gicciye a kowane ajin firamare ta saɓa wa sashe na 4 na tsarin mulkin ƙasa, wanda ya ba kowa 'yancin addini har da 'yancin kada a tilasta masa. Jihar ta ɗauki zafi sosai, dubun dubatar mutane suka fito zanga-zanga a Munich a watan Satumba, shugaban gwamnati na lokacin Edmund Stoiber yana cikinsu tare da manyan limaman coci. Ƙarshe majalisar jiha ta yi sabuwar doka, gicciye yana nan a aji, amma in wani ya kawo ƙorafi mai ƙarfi sai shugaban makaranta ya nemi sulhu, in ya gagara a sauke. Abin da nake so a riƙe daga hukuncin nan shi ne wani wuri da alƙalan suka ce ɗaukar gicciye a matsayin al'adar Turai kawai, ba tare da imanin da ke cikinsa ba, zubar masa da tsarki ne kuma ya saɓa wa yadda su Kiristocin kansu suke kallonsa. Shekara 23 kafin Söder ya buɗe baki kotu ta riga ta ba shi amsa.

To me ya sa sai a 2018? Ruwa dai ba ya tsami banza. A 2015 masu neman mafaka wajen 890,000 suka shiga Jamus, yawancinsu daga Siriya da Afghanistan da Iraƙi, kuma ƙofar da suka bi ita ce Bavaria, don ita ke kan iyaka da Ostiriya, ta Passau da Rosenheim da tashar jirgin ƙasa ta Munich inda a watan Satumba mutanen gari suka fito da ruwa da abinci da kayan wasan yara suna tarbarsu. Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ta ce za mu iya, Horst Seehofer wanda ke mulkin Bavaria a lokacin ya ce sam, sai an sa iyaka, mutum 200,000 a shekara. Suka yi ta kai ruwa rana alhali jam'iyyunsu 'yan uwan juna ne. Ana cikin haka jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ta yi ta ƙiba, a zaɓen tarayya na Satumba 2017 ta samu kashi 12.6 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya, a Bavaria ma ta haura kashi 12, ita kuwa CSU ta faɗo ƙasa da kashi 39, abin da a wajenta kamar gobara ne. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da CSU ke taƙama da ita tun zamanin tsohon shugabanta Franz Josef Strauß, cewa kada a bari wata halastacciyar jam'iyya ta tsiro a damansu, wato wadda ta fi su ra'ayin riƙau. Ga shi ta tsiro. Ga zaɓen jiha an sa shi 14 ga Oktoba 2018. Aka matsa wa Seehofer ya bar kujera ya tafi Berlin ya zama ministan cikin gida, yana zuwa ya ce wa jaridar Bild Musulunci ba ɓangaren Jamus ba ne, shi kuma Söder ya gaji kujerar da aiki ɗaya a gabansa, ya dawo da ƙuri'un da suka gudu. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi.

Ba shi kaɗai ba ne a wannan shekarar fa. A watan Fabrairu ɗan siyasar Italiya Matteo Salvini ya tsaya a dandalin babban cocin Milan yana ɗaga carbin Katolika da Linjila a taron kamfen, watanni kaɗan bayan nan yana ministan cikin gida na Italiya ya hana jirgin ceto Aquarius mai ɗauke da mutum 629 shiga tashar ruwa. Viktor Orban, firaministan Hungary a lokacin, ya daɗe yana cewa katangar wayar da ya yi a kan iyaka kare Turai ta Kirista ce. A Dresden kuma masu zanga-zangar Pegida, ƙungiyar masu ƙyamar Musulunci da baƙi, suna yawo da gicciye da aka yi wa fenti da launin tutar Jamus, a yankin da mafi yawan mutanensa ba sa bin kowane addini, da yawansu ko baftisma ba a yi musu ba. Wato gicciyen ya tashi daga abin da mutum yake sunkuyar da kai a gabansa ya koma abin da ake nuna wa baƙo a ce nan ba gidanku ba ne.

Abin da Söder bai yi tsammani ba, ina ji, shi ne inda sukar za ta fito. Da 'yan adawa ne kawai da sauƙi, Christian Lindner na jam'iyyar FDP ya kwatanta shi da Erdogan wajen amfani da addini don siyasa, wannan ba zai hana shi barci ba. Amma sai ga Kadinal Reinhard Marx, babban bishop na Munich kansa kuma shugaban majalisar bishop-bishop na Katolika na Jamus duka, a ƙarshen watan Afrilu ya yi hira da jaridar Süddeutsche Zeitung ya ce umarnin nan rabuwar kai da tashin hankali da gaba ya haifar. Ya ce wanda ya ɗauki gicciye alamar al'ada kawai bai fahimce shi ba, kuma in aka yi haka to an ƙwace gicciye kenan da sunan gwamnati. Ya ce ba hurumin gwamnati ba ne ta fassara ma'anarsa, kuma alama ce ta ƙin zalunci da tashin hankali da zunubi da mutuwa, ba alamar gaba da wasu mutane ba. Ku duba fa, limamin da ya fi kowa girma a garin ne yake ce wa gwamnati mai sunan Kirista ta sakar masa gicciyensa. Shi kuma Heinrich Bedford-Strohm, bishop na Lutheran a Bavaria, bai yi zafi kamar Marx ba, ya nuna yana murna da ganin gicciye a bainar jama'a amma ya yi ta nanata cewa wanda ya rataye shi ya yarda kenan a auna ayyukansa da abin da gicciyen ke nufi, har da yadda yake yi da 'yan gudun hijira.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa cocin ma bakinta bai zo ɗaya ba. Bishop Rudolf Voderholzer na Regensburg ya goyi bayan umarnin a fili, kuma Kiristoci da yawa a ƙauyuka sun ji haushin Marx ba kaɗan ba, suna cewa yau ga gwamnati ta girmama addininmu sai limaminmu ne zai fito yana ƙorafi? Suka tono masa wani tsohon zance na 2016, lokacin da shi da Bedford-Strohm suka je Ƙudus suka cire gicciyen da ke wuyansu yayin ziyarar harabar Masallacin Al-Aƙsa da bangon da Yahudawa ke ibada, aka ce ai dama mai jin kunyar gicciyensa ne. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ya cire alamarsa don kada ya tayar da fitina a wurin ibadar wasu, kuma ya ƙi yarda a mayar da alamar tambarin jam'iyya a gida, a ganina abu ɗaya yake karewa a wuraren biyu. Amma na fahimci tsohuwar da kakarta ta yi faɗa da 'yan Nazi a kan gicciyen aji in ta kasa ganin haka.

Shugabannin Musulmi da na Yahudawa sun fi kowa taka-tsantsan. Aiman Mazyek na majalisar ƙoli ta Musulmin Jamus ya nuna cewa Musulmi ba su da matsala da gicciye, matsalar ita ce ma'auni biyu, a karɓi alamar wani a kori ta wani. Josef Schuster na majalisar Yahudawa shi ma bai ce a cire ba, tambaya ya yi a kan me ake son cimmawa da shi.

Kuma maganar ma'auni biyun nan ba zargi ba ne kawai, a rubuce take. A wannan watan na Afrilu 2018 ɗin wata dokar Bavaria ta fara aiki wadda ta hana alƙalai da lauyoyin gwamnati sa duk wata alama ko tufa ta addini a zaman kotu, kowa kuma ya san ɗankwalin Musulma ake nufi. Wata ƙungiyar Musulmi ta kai ƙara ta ce to ai ga gicciye nan rataye a ɗakunan shari'a, kotun tsarin mulki ta jihar a watan Maris 2019 ta ce dokar ta yi daidai, wai abin da ke bango daban, abin da ke jikin alƙali daban, na bango hukumar gudanarwa ce ta sa shi ba ya nuna ra'ayin alƙalin. A ilimin shari'a ana iya kare wannan bambancin, na sani. Amma ka sa kanka a matsayin yarinyar da aka haifa a Augsburg, iyayenta Turkawa, ta yi karatun lauya ta ci jarrabawa, aka ce mata ɗankwalinki zai sa mutane shakkar adalcin kotu, sannan ta ɗaga kai ta ga abin da ke saman kujerar da aka hana ta. Tun 2004 ma jihar ta yi dokar da a aikace ta takura wa malamai mata masu ɗankwali alhali sista mai lulluɓinta tana koyarwa. Dabarar kullum ɗaya ce, alamar masu rinjaye sai a kira ta al'ada, ta marasa rinjaye a kira ta addini, shi kenan ɗaya ta zauna ɗaya ta fita. Mu ma a Najeriya mun san ɗanɗanon irin wannan gardamar, ta hijabin ɗalibai a Legas da sai da ta kai Kotun Ƙoli a 2022, da ta ajamin jikin naira da wasu Kiristoci ke gani kamar an sa musu addinin wani a aljihu, kuma in za mu faɗi gaskiya kowane ɓangare a cikinmu ya iya kiran nasa al'ada a inda yake da yawa.

Ranar 1 ga Yuni ta zo, aka rataye. Sai dai kafin nan gwamnati ta riga ta fara sassautawa, jami'o'i da gidajen tarihi da na wasan kwaikwayo aka ce shawara ce gare su ba dole ba, ƙananan hukumomi ma haka, kuma ba a naɗa wanda zai bi ofis-ofis yana dubawa ba. Söder kansa ya gyara harshe, ya dawo yana cewa eh da farko dai alamar addini ce amma kuma tana cikin asalin jihar.

Abin da ya faru a watannin da suka biyo baya shi ne ya fi nuna mini inda aka dosa. A watan Yuni Söder ya riƙa amfani da wata kalma, Asyltourismus, wato wai masu neman mafaka yawon buɗe ido suke yi, mutanen da wasunsu suka ratsa Sahara suka ga gawarwaki a teku, sai da suka ta yi yawa ya ce ya daina faɗinta. Ranar 1 ga Yuli jihar ta farfaɗo da 'yan sandan kan iyaka nata na kanta. Cikin watan nan ne Seehofer ya tsaya gaban 'yan jarida yana murmushi ya ce a ranar da ya cika shekara 69 an mayar da mutum 69 Afghanistan, mafi yawansu kuwa daga Bavaria aka kwashe su, kuma ɗaya daga cikinsu, saurayi, ya kashe kansa a Kabul bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka buɗe sansanonin da ake ajiye masu neman mafaka wuri ɗaya har a gama shari'arsu. Duk wannan da sabon gicciye a ƙofar ofisoshin da ke sa hannu a takardun. Dubban mutane suka fito a Munich ranar 22 ga Yuli cikin ruwan sama suna cewa a daina siyasar tsoratarwa, a cikinsu har da 'yan coci da sistoci. Shi kuma Kadinal Marx a watan Oktoba ya ba jirgin ceto na Lifeline gudummawar Yuro 50,000.

Zaɓe ya zo, garin neman gira aka rasa ido. CSU ta samu kashi 37.2, daga 47.7 da ta samu a 2013, rinjayen da take mulki ita kaɗai ya tafi sai da ta haɗa gwamnati da jam'iyyar Freie Wähler. AfD da aka yi duk wannan don a tare ta ta shiga majalisar jiha karo na farko da kashi 10.2, jam'iyyar Greens mai rajin kare muhalli kuma ta ninka ƙuri'unta ta haura kashi 17, kuma cikin waɗanda suka koma can akwai masu zuwa coci da suka gaji da abin da ake yi da sunansu. Ba zan ce gicciye ne kaɗai ya jawo ba, rigimar Seehofer da Merkel ta yi nata ɓarnar, amma dai bai dawo da waɗanda aka yi dominsu ba. Söder mutum ne mai saurin karanta iska, bayan zaɓe ya juya ya fara sukar AfD kai tsaye, ya koma maganar muhalli, a 2020 kuma ya yarda cewa da yau ne akwai abin da zai yi daban a batun gicciyen, musamman yadda aka gabatar da shi. Umarnin dai bai janye ba.

Kotu ta ɗauki shekaru. Wata ƙungiyar marasa addini mai suna Bund für Geistesfreiheit ta shigar da ƙara tare da wasu ɗaiɗaikun mutane. A watan Yuni 2022 babbar kotun harkokin mulki ta Bavaria ta yi wani hukunci mai ban mamaki, ta yarda cewa umarnin ya taɓa wajibcin da ke kan gwamnati na zama 'yar ba-ruwanmu a addini, amma ta ce masu ƙarar ba su da wani haƙƙi nasu na kansu da aka take, don mashiga wuri ne da ake wucewa, ba kamar aji ba da yaro zai wuni yana kallo. Ranar 19 ga Disamba 2023 kotun tarayya da ke Leipzig ta kori ɗaukaka ƙarar. Ita ma ba ta yarda da zancen farko na Söder ba, ta ce duk mai kallo zai ga babbar alamar addinin Kirista ce, sai dai rataye ta a ƙofa ba ya nufin gwamnati ta rungumi aƙidar. Irin hanyar da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta bi kenan a 2011 a shari'ar Lautsi da Italiya, inda ta kira gicciyen aji alama marar motsi wadda ba ta yi wa kowa wa'azi. Ni wannan nasarar tana ba ni tausayi, don kafin gicciye ya ci shari'a sai da aka tabbatar wa kotu cewa ba ya cewa komai, ba ya kiran kowa, ba ya canza zuciyar kowa. Wane mai imani ne zai so a kare alamarsa da irin wannan hujjar? Masu ƙarar sun ce za su wuce kotun tsarin mulki ta Karlsruhe. A watan Yuli 2025 kuma kotun Bavaria ɗin nan ta ba wasu ɗalibai mata biyu gaskiya a kan wani babban gicciye mai tsawon mita ɗaya da rabi da ke mashigar makarantarsu ta sakandare, ta ce su dole ne su bi ta gabansa kullum ba su da hanyar kaucewa.

A gefe guda cocin da aka ce ana karewa sai zubewa take yi. A 2022 kaɗai mutum fiye da 520,000 suka je suka sa hannu suka fita daga cocin Katolika a Jamus, saboda badaƙalar lalata da yara da aka yi ta bankaɗowa, da harajin coci wanda a Bavaria kashi 8 ne a kan harajin albashi, da kuma dai imanin da ya yi sanyi. A daidai wannan lokacin ne mambobin manyan cocin biyu suka koma ƙasa da rabin al'ummar ƙasar. Ba Musulmin da suka zo daga Aleppo ne suka kwashe mutane daga coci ba, kuma ƙusa a bangon ofishin haraji ba ta dawo da ko mutum ɗaya.

Akwai wata tsohuwar al'ada a Jamus da ake kira mafakar coci, inda coci ko gidan sistoci ke karɓar mutumin da za a kora in sun ga korar za ta jefa shi cikin halaka, su sanar da hukuma yana wurinsu, su roƙi a sake duba takardunsa. Bavaria ta yi suna wajen gurfanar da masu yin haka fiye da sauran jihohi. Wata sista 'yar ɗarikar Faransiskan a wani gidan ibada kusa da Würzburg ta karɓi mata biyu 'yan Najeriya, waɗanda dokar Turai ta ce a mayar da su Italiya don ta nan suka shigo, alhali a Italiyar ne masu safarar mutane suka tilasta musu karuwanci. Ta ce ba za ta iya sakin su su koma hannun da suka kuɓuto ba, imaninta da lamirinta ba za su bar ta ba. A watan Yuni 2021 kotu ta same ta da laifin taimaka wa zaman da ba bisa ƙa'ida ba, aka ce ta biya Yuro 500, alƙalin yana tuna mata cewa ƙasar dimokuraɗiyya ce ba ta mulkin addini ba. Maganarsa a shari'ance daidai ce. Amma jihar da lauyoyinta suka gurfanar da ita ita ce wadda shekara uku kafin nan ta wajabta gicciye a mashigar gine-ginenta, kuma matar da ke tsaye gaban alƙalin ta ba da rayuwarta gaba ɗaya ga abin da gicciyen ke nufi a wajenta. Ta ɗaukaka ƙara, a watan Yuli 2022 kotu ta gaba a Würzburg ta wanke ta.